Shekara Huɗu Babu Mai Shaidar Yaya Nuhu

Shekara huɗu ke nan da muka binne yayana Nuhu a Alƙahira, kuma har yau ban huce ba. Masu ba ni haƙuri na gode, amma ku bar ni in amayar da abin da ke cikina.

Karatun tarihi ya kawo shi Masar, ni na biyo shi karatun fiƙihu. A ɗakinmu na haya a unguwar Faisal, da ya ɗora butar shayi sai labarin Amurka, har muna ce masa Ba'amurken Gusau. Yana ƙaunar manoman nan da 'yan kasuwa da suka ce ba za su biya sarkin Ingila haraji ba tunda ba ya shawara da su, suka ɗauki bindiga shekara da shekaru har suka kori sojojinsa. Sai dai ba ya tsayawa nan. Yakan ce, "Sani, sun rubuta cewa daidai aka halicci kowa, sannan suka koma gonakinsu suka ci gaba da bautar da baƙar fata, suka ƙwace ƙasar mutanen da suka tarar."

Da juyin juya hali ya rikita gari a farkon 2011, 'yan sanda suka ɓace, samarin kowane layi suka kafa shinge da sanduna. Yaya Nuhu ya yi murna kamar ƙasarsa ce, yana kai wa na layinmu shayi yadda ake yi wa 'yan sintiri a gida. Wata la'asar ya fita da butarsa babu fasfo, don wa ke ɗaukar takarda zuwa wajen maƙwabci? Samarin wani layi da suka shigo namu suka ga baƙin mutum, suka ce ɗan leƙen asiri ne, suka rufe shi da duka a gaban waɗanda suka sha shayinsa. Ba wanda ya ce, mun san shi. A asibiti ya cika.

Matarsa, Anti Rabi, ta ƙi komawa gida, don lauya ya ce in mutum ɗaya ya yi shaida, ƙara za ta tashi. Na bi ƙofa ƙofa. Ai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Watan jiya na koma wajen dattijon da aka yi abin a ƙofar kantinsa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Khalas ya ibni, ma'alish," wato ya wuce ɗana, yi haƙuri. Na rasa wanda na fi jin haushi, shi ko masu sandunan.

Da Yaya Nuhu na nan, na san ba zai zagi Misirawa ba, ya fi ni sanyin zuciya. Tambayarsa ce kawai ta rage mini: in ana ihun 'yanci, wa aka bari a waje?

Anti Rabi ta gaji, ta sayar da kayan ɗakinta. Jibi zan raka ta filin jirgi, shi kuma mu bar shi kwance a maƙabartar mutanen da suka ƙi cewa sun san shi.