Ranar da Inna ta gaida masu daka a jikin bango

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata a Jidda, amma yammacin da na kai Inna kallon majigi zai bi ni har kabari.

Inna ta baro ƙasar Hausa tana amarya, ta taka da ƙafa har bakin Bahar Maliya, ta haife mu a nan. Da idanunta suka mutu sai ta tsiri magana guda: a mayar da ita gida. Ba ta da takarda, ba ta da ƙarfin shiga jirgin ruwa, amma kullum kayanta a ƙulle. Abinci ma sai da lallashi. Ni kuwa, mai gajen haƙuri, har faɗa nake mata.

A lokacin babu gidan sinima, sai dai a ɗauko majigi haya idan ana biki. Maƙwabtanmu a unguwar Sa'alaba suka aurar da ɗa, suka kira wani Bahaushen Sudan mai injin. Na ja Inna don kada ta zauna ita kaɗai.

"Makauniya da kallo? Halas, ki bar ni," in ji ta.

"Yalla, ya ummi, ko hayaniyar kya ji."

Bayan magariba aka haska farin bango, mu mata muna bayan labule mai shara-shara. Kafin fim ɗin Masar, mai majigin ya ce zai ɗora wani guntun tsohon fim da ya saya wurin ma'aikatan jirgi a tasha. Ya ce da can hotunan bebaye ne, sai dai a ajiye mai kiɗa a gefe. Wannan yana cikin na farkon da suka yi baki, muryar kuma tana cikin wani siririn layi a gefen zaren fim ɗin. Na ɗauka cika baki ne irin na masu sana'a.

Hoton duk zane-zane, wani Bature yana ta zuba yarensu. Sai ya yi shiru, ga mata uku a kan turmi.

Ban kai ga faɗa mata abin da ke bangon ba, Inna ta damƙe hannuna.

"Lugude ne. Su uku ne, gero suke surfe. Ta tsakiyar za ta cilla taɓarya ta tafa."

Wallahi bakinta bai rufe ba matar ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Mu masu ido muna ganin inuwa, ita kuwa tana tsakar gidansu.

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗaga murya: "Sannunku da aiki, mutanen gida."

Ta tsaya jiran amsa. Turmi ya ci gaba da ƙara. Ba wanda ya yi dariya, har samarin da Hausar ba ta zauna a bakinsu ba.

"Ba su amsa ba," ta ce da ni a hankali.

Mai majigin ya tsayar da inji, ya ce daga bayan labule, "Ya hajja, samahini, ki yafe ni. An ɗauki wannan ya fi shekara talatin."

Na ji tsoro ƙwarai, na ce yau na kashe uwata da hannuna.

"To, ba raini ba ne," ta ce. "Mutanenmu ba sa ƙin amsa gaisuwa. Sun riga mu ne."

Ta ɗaga hannu ta fara yi musu addu'a, ta haɗa da uwarta da yayyenta, tana kiran kowa da sunansa. Gidan biki kaf, maza da mata, aka shafa tare da ita. Daga ranar ba ta sake cewa a mayar da ita ba.

Na yi shekaru ina zaton hanya ce ta gagari Inna, ashe bankwana ne ba ta samu yi ba. Tun daga nan, idan tsoho ya nace a kan abu, nakan rufe bakina in saurara, don ba kullum abin da yake faɗa ne yake nema ba.