Kantar Yatsun 'Yar Mai Gida

Lokacin da na fara zuwa Guangzhou saro takalma, kafin shekara ta dubu biyu, a gidan wata dattijuwa 'yar China nake kama ɗaki, kusa da tashar jirgin ƙasa. 'Yarta ɗaya tilo, budurwa, celo take kaɗawa, wani ƙaton goge da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Sautinsa kamar kukan babban mutum. Kofunan gasar da ta ciwo sun cika kabad, amma ban taɓa ganin dariyarta ba.

Ran nan na lura yatsunta na hagu duk sun yi kanta. Raina ya ɓaci, na ce wannan wace irin uwa ce? Na ɗauko man kaɗen da na zo da shi daga Kano, na kama hannun zan mulke mata. Uwar ta fizge hannun tana ta faɗa. Yarinyar ce ta fahimtar da ni da guntun Turancinta cewa tun tana ƙarama take tara kantar nan, in ta yi laushi tsirkiya za ta yanke ta.

Da na koma wata shekarar, yarinyar tana Turai tana kiɗa a manyan zauruka. Gidan ya yi tsit. Na tarar da uwar tana share ƙurar kofunan. Har na buɗe baki in ce mata ga irinta nan, sai na tuna rabona da nawa 'ya'yan tun kafin azumi. Na zauna na taya ta.