Ranar da aka ce Habu babu shi

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar surukina, mahaifin maigidana, wanda duk Kudan ke kira Sarkin Noma. Ni dai Baba nake ce masa, kuma ko a takarda ba zan iya wuce haka ba. Makon jiya na bi ta gonar wani soja maƙwabcinmu da aka tura daji tun kafin damina. Ciyawa ta shanye dawar, matarsa ita kaɗai a tsakiya da goyo da fartanya. Na tsaya baki buɗe. Hotonsa cikin kaki kuwa yana wayar kowa a unguwa, ana ta Allah ya tsare. Da Baba ya ga wannan, ban san da wa zai fara faɗa ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka kwashi sojojinmu zuwa Kwango. Mutum uku suka tafi daga garinmu, har da Habu maigidana. Ina da shekara sha bakwai, ga jaririya a hannu. Ba wanda ya san inda Kwango take, har wata tsohuwa ta rantse min cewa tana bayan Makka kaɗan. Da ruwa ya sauka, Baba ya tara dattawa ya ce: "Yaran nan ba yawon duniya suka tafi ba, aikenmu suka tafi. Gonakinsu ba za su mutu muna kallo ba." Aka yanke za a yi wa kowannensu gayya.

To, gayya a wurinmu iri biyu ce. Ko dai mai gona yana tsaye yana raba fura da goro, ko kuma ya mutu an zo taya marayu. Gayyar mutumin da ke raye amma ba ya gari sabon abu ne, shi ya sa a gonaki biyun farko Baba ya zaunar da Mato mai shela ya biya masa dalla-dalla: wane ya tafi aikin soja, lafiyarsa ƙalau, a fito a taimaki iyalinsa. Aka yi lafiya, da gangar noma da kirari. Da aka zo kan gonarmu, wadda ya bari ƙarshe don kada a ce ya fifita gidansa, sai ya yi maganar a tsaitsaye, kamar mai jin nauyi. "Saura ta yaron nan, tunda babu shi. Jibi."

Mato mutum ne da ba ya ƙara gishiri, abin da aka zuba masa shi yake juyewa. Ya zaga Kudan yana cewa jibi akwai gayya a gonar Habu soja, babu shi. Ranar kasuwar Makarfi ce, ya kai kajinsa, can ma ya maimaita. Kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce wane babu shi. Baba yana nufin ba ya nan, jama'a suka ji ya mutu.

Ina cikin daka da hantsi na ga mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba sallamar kirki, kowacce ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta farko ta karɓe taɓaryar daga hannuna ta ce, "Sai haƙuri." Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Baba ya dawo daga fadamar rake ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, liman yana zaune. Ya rantse, ya sake rantsewa, cewa bai sami wani labari ba, kuskuren baki ne. Ba wanda ya yarda. Suka ce dauriya ce irin ta manya, yana ɓoyewa ne saboda mai jego. Washegari Innata ta iso daga Ikara a ƙafa, idanu a kumbure, ta ce can har an fara shirin sadakar uku. Ta zare min 'yan kunne, ta zauna tana tsefe min kitso don in shiga takaba. Ni kuwa wata uku ban ga wasiƙar Habu ba. Wa zan gaskata, surukina ko duk gari?

Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya a cikin gida ba sai ranar. Ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Inna, a yi min arziki a mayar mata da 'yan kunnenta. Ba za a sa yarinya takabar mai rai a gidana ba." Ya juya kan masu zaman makoki ya ce duk wanda ya zo kuka ya je gida ya ɗauko fartanya. Aka yi gayyar nan ba ganga, ba kirari, mutane suna noma suna share hawaye, Baba yana bin su yana cewa ku daina. Ban taɓa ganin gonar da aka nome da kyau kamar ta ranar ba.

Baba ya hau keke har barikin soja na Zariya, aka duba aka ce masa ba a kawo sunan ɗansa cikin waɗanda suka mutu ba. Duk da haka sai da wasiƙa ta zo bayan mako biyar, malamin makaranta ya karanta ta a ƙofar masallaci, sannan gari ya saki jiki. Da Habu ya dawo, abin ya koma abin dariya. Abokan wasansa suka laƙaba masa Babu-shi, sunan ya bi shi har yara ba su san na yanka ba. Shi ma dariya yake yi, yana cewa shi kaɗai ne a ƙasar Zazzau ya san mutum nawa za su zo zaman makokinsa.

Ina jin masu cewa mutanen da sun fi na yanzu hankali. Ba su fi ba, ga shi magana ɗaya ta ruɗa gari uku. Abin da suka fi mu shi ne, da suka ji, sun taso da ƙafafunsu. Yanzu labari ba ya ɓata a hanya, kafin ka ƙifta ido ya iso daidai, amma ba mai tasowa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke aka sake tafiya da Habu. Wata ranar Talata da safe sojoji biyu suka zo da akwatinsa da bargonsa. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya aika a kira Mato. Mato ya tsufa, yana kuka ya fita yana shela: Habu, babu shi. Mutane suka ji sunan da suka saba ji, suka ɗauka hutu ya zo. Aka shimfiɗa tabarmi, azahar ta yi, ba kowa a kai sai liman. Can sai ga maƙwabciyarmu ta shigo da ƙwaryar fura tana guɗa, tana cewa, "Ina baƙon namu? A fito mana da Babu-shi mu gan shi!" Ta dubi akwatin da ke gabana, ƙwaryar ta suɓuce mata.

Gonakin da Baba ya sa aka nome duk an raba su gado, wasu an yi gini a kai. Gayyar sojoji ta mutu tare da shi, ko da yake har ƙafafunsa suka gaza bai bar damina ta wuce ba tare da ya kira ta ba. Abin da ya rage min nasa shi ne abin da ya yi da yammacin Talatar nan. Ya tashi daga kan tabarmar da ba kowa, ya ce wa Mato ya zauna, shi zai faɗa da bakinsa. Ya bi gari gida-gida, yana sallama, yana tsayawa har sai maigida ya fito, sannan ya ce, "Habu ya rasu. Ɗana Habu."

Habu ɗan fari ne, kuma a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari. Tun da na shigo gidan ban taɓa jin sunan a bakin Baba ba, matarsa ma ta ce tun ranar suna ba ta ji ba. Ranar ya faɗe shi a kowace ƙofa ta Kudan.