Alherin Kafintan Katako

Abubuwa da yawa sun same ni a Jos waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma ranar da wani dattijon kafinta ya yi mini alherin da ya kashe mini wasa, wannan kam ko tsufa ba zai goge mini ita ba. Har yau idan na tuna sai na ji na cije haƙora.

A lokacin ina aiki a wani gidan rediyo, ina fassara labarai ina karanta su, ina kuma zaune a Jos Jarawa. Abin da yawancin abokan aikina ba su sani ba shi ne, duk Asabar da rana ina Anguwan Rukuba a wani shagon gem, ina wasan faɗa. Irin wasan nan ne da mutum biyu za su zauna gaban talabijin, kowa ya zaɓi ɗan dambensa, a yi ta naushi da shuri har ƙarfin ɗaya ya ƙare. Mafi yawan masu zuwa da fad suke yi, wato ɗan abin dannawa na riƙewa a hannu da ke zuwa da na'urar, amma mu da muka ɗauki abin da zafi, da joyistik muke yi. Akwati ne da ake ɗorawa a cinya, da sanda mai dunƙulen kai a hagu, da maɓallai a dama.

Abokin karawata ɗan Ibo ne haifaffen Jos, mai sayar da kayan waya. Tun muna samari muke bugawa, kuma ban taɓa cinye shi a cikakken zama ba. Nakan ci wasa ɗaya ko biyu, amma idan aka tashi shi ne a sama. Wata rana sai ya ce mini zai tattara ya koma Inugu, mahaifinsa ya tsufa, iyalinsa ma sun riga sun yi gaba. Muka sa Asabar ɗin ƙarshen wata ta zama zaman ban kwana.

"Oga labarai," in ji shi, "wannan ne damanka na ƙarshe. In ba ka ci ni ba, zan tafi da kai a aljihu har Inugu."

Joyistik ɗina a lokacin ya tsufa. Sandar ta yi lako-lako, wasu maɓallan kuma sai ka danna su ƙi dawowa. Allah ya sa wani abokin aikina ya je kwas ƙasar waje, na roƙe shi ya taho mini da sabbin kayan ciki, sanda 'yar Japan da maɓallanta. Dole in bayyana yadda sandar take, domin a nan labarin ya ta'allaƙa. A gindinta akwai ƙananan makunnai huɗu, na sama da na ƙasa da na hagu da na dama, duk wanda sandar ta taɓa sai ya ce ƙyas. Ƙarƙashinsu kuma akwai farantin roba mai rami mai kusurwa huɗu, wanda ke iyakance tafiyar sandar. Idan kana son ɗan dambenka ya durƙusa ya kare kansa, sai ka kai sandar lungun ƙasa ta baya, ka ji ta zauna a kusurwa, ka ji makunnai biyu sun amsa tare. Ido yana kan allo, hannu da kunne su ne ke gaya maka inda kake.

Da na kwance tsohon akwatina na roba, sai na tarar gindin sabuwar sandar ya fi shi zurfi, maɓallan ma sun fi ramukan faɗi. Mafita ɗaya ce, a yi musu sabon akwati na katako. Na zana abin da nake so a takarda, na manna wa kowace waya alama don kada in ruɗe wajen haɗawa, na zuba komai a leda na nufi kasuwar Katako, wurin kafintoci.

Aka nuna mini wani dattijo da aka ce ba a fi shi ƙaramin aiki mai tsabta ba. Ina yin sallama sai ya ajiye zarto ya ƙura mini ido.

"Sake magana in ji."

Na sake gaishe shi.

"Kai ne! Kai ne mai labaran safe! Wallahi da muryarka nake shan koko kullum. Ku ba shi kujera!"

Na zauna, na yi masa bayani dalla-dalla. Akwati kawai nake so, da ramuka yadda na zana. Kayan zan bar masa ne don ya gwada ramukan, haɗawa kuwa ni zan yi da kaina. Ya jujjuya sandar, ya kara ta a kunne, ya ɗan yamutsa fuska, ya ajiye ta. Ni kuwa ban tambaye shi abin da ya gani ba.

"Ka je kawai, ɗana. Aikin da zan yi wa ɗan cikina shi zan yi maka."

Ya ce in dawo Laraba. Laraba ya ce katakon bai gama bushewa ba. Alhamis ya tafi jana'iza. Juma'a ya ce fenti ne bai sha iska ba, kuma ba ya nuna aiki rabi da rabi. Sai ranar Asabar ɗin kanta da hantsi ya fito mini da shi, a naɗe cikin tsohon zane kamar jariri.

Gaskiya akwatin ya yi kyau. Da maɗaci ya yi shi maimakon falankin da na ce, yana sheƙi, nauyinsa kamar turmi. Sai dai na ga sanda da maɓallai duk a jikinsa.

"Baba, ai na ce ni zan haɗa."

"Haba, kai da ke da aikin gwamnati a kanka? Ai ka riga ka sa alama a wayoyin, bi kawai na yi. Taɓa ka ji."

Na kama sandar na tura. Da ƙyar ta motsa, kuma shiru. Na tura hagu, na tura dama, ko ƙyas ɗaya babu. Na juya ta ina neman kusurwa, sai ta yi ta zagaye kamar muciya a tukunya.

"Baba, ina ƙarar?"

Fuskarsa ta washe. "Ka lura ke nan! Tun ran da ka kawo na ji ta, ƙyas-ƙyas kamar ɓera na cin gyaɗa. Na ce sabon abu da ƙara, ai an cuci yaron nan. Na ɗan lanƙwasa harsunan ƙarfen nan, na cusa musu giris. Yanzu ko a masallaci za ka iya wasanka."

Na ce, "Farantin robar fa?"

"Wannan ai masu yin ba su gama aikinsu ba. Sanda mai zagaye a rami mai kusurwa? Na sa magagari na goge shi, ya koma kamar bakin kofi. Sifirin ɗin da ke mayar da sandar tsakiya ma na yar, ba shi da ƙarfi. Na samo maka na babur, shekara goma ba zai saki ba."

A aikinmu ana koya mana cewa ko wane irin labari ka karanta, muryarka kada ta rawa. Ranar horon nan ya yi mini amfani. Na juya akwatin a hankali ina neman noti, da tunanin ko zan iya share giris ɗin kafin azahar. Babu noti ko ɗaya.

"Da gam na like shi," in ji Baba. "Mai ƙarfin nan. Ka san sanyin Jos da damshi, ba abin da zai shiga."

Ba abin da zai shiga, har da ni. Kafin a buɗe akwatin nan sai an sa gatari. Tsohon joyistik ɗin kuma na riga na cire masa hanji, yana gida a warwatse. Na tsaya ina kallon mutumin da ya lalata mini kayan da suka ƙetaro teku, shi kuma yana kallona yana jiran godiya. Da saurayi ne da na san abin da zan gaya masa. Amma ga furfura, ga maƙwabtansa sun zagaye mu suna sa albarka, ga shi duk abin da ya yi don ya kyautata mini ya yi. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Kalmomin suka fita kamar ina tauna tsakuwa.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba. Mai shagon gem yana da joyistik guda da yake ba da aro, ba wani na kirki ba ne, amma yana da kusurwa. Na ƙudura zan ajiye akwatin a gefe in ɗauki wancan. Ina shirin tafiya sai na ga Baba ya shiga ciki, ya fito da wankakkiyar riga da hula.

"Yau ba ciniki. Mu je in ga yadda take aiki."

"Baba, wurin yara ne, hayaniya ce kawai."

"Yo ni ban haifi yara ba? Tare mana keke."

Shi ya rungume akwatin a cinyarsa har Anguwan Rukuba, ana yayyafi yana kare shi da rigarsa.

Shagon ya cika, don kowa ya san ranar ban kwana ce. Mutumina yana ganin abin da aka shigo da shi ya miƙe tsaye.

"Oga labarai, wa ya mutu? Wannan akwatin gem ne ko na gawa?"

"Ni na yi shi," in ji Baba da ƙarfi. "Maɗaci ne zalla."

Nan take mutumina ya rusuna. "Sannu Baba, sannu da aiki. Ya yi kyau sosai." Ya kama sandar ya juya sau ɗaya, ya dube ni, na ga yana danne dariya. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Wannan abu ya mutu. Ɗauki na shago, ni ba na son ci na banza."

Na juya zan yi wa mai shago magana. Sai na ga an ba Baba kujera daidai bayana, ya tara samari yana yi musu bayanin yadda ya kashe ƙara, yadda ya goge ramin, yana nuna ni yana cewa, "Mai labaran nan da kuke ji, da aikina zai yi wasa yau." Idan na ture akwatin nan na ɗauki wani, a gaban 'ya'yan cikinsa zan gaya masa aikinsa shara ne. Idan na riƙe shi, na san abin da zai biyo baya. Na daɗe a tsaye, raina yana tafasa. Daga nan na zauna, na ɗora turmin a cinyata.

Ba zan kira abin da ya faru wasa ba. Na tura sanda gaba, ɗan dambena ya tafi, na saki, ya ci gaba da tafiya, domin giris ya riƙe makunnin. Haka ya yi ta kai fuskarsa ga naushi kamar mai neman a gaisa. Na nemi lungun da zan durƙusa in kare kai, babu lungu, sai ya yi tsalle. Na nemi tsalle, sai ya tsuguna. Kafin a je ko'ina wuyan hannuna ya fara zogi saboda sifirin ɗin babur. Maɓallan kam lafiya lau suke aiki, don haka na yi ta kai wa iska duka mai kyau.

"Matsa masa!" Baba yana ihu a bayana. "Kai, me ya sa kake tsayawa yana dukanka? Kare kanka mana!"

"Ina ƙoƙari, Baba."

Mutumina ya yi iya yinsa ya sassauta, har ya riƙa ja da baya yana ba ni fili, amma ko wanda aka ba fili sai ya iya tafiya. Dariya ta ci ƙarfinsa, hawaye na zuba, yana dukana yana ba ni haƙuri. A duk shekarun da muka yi muna karawa ban taɓa tashi babu ko zagaye ɗaya ba sai ranar. Na nemi a sake zama da yamma bayan Baba ya tafi, amma motar kaya tana jiransa a ƙofar gida, da asuba kuma zai kama hanya. Muka rungumi juna a bakin shago.

"Na tafi da kai, oga," in ji shi. "Amma ka yi ƙoƙari. Ba kowa zai iya ba."

Na san ba wasan yake nufi ba, kuma hakan bai rage mini haushi ba ko kaɗan.

A keke muna komawa, Baba yana ta shafa murfin akwatin. Can ya dafa kafaɗata, cikin tausayi na gaske.

"Kada ka damu, ɗana. Kayan aikinka dai yanzu ba su da matsala. Hannun ne da saura. Ka riƙa gwadawa a gida."

Na dubi titi, na ce, "To, Baba."

Abin da na koya a ranar ya wuce maganar gem. Mai sana'ar da ya ƙi ka yakan yi maka abin da ka ce ne kawai, ya sallame ka. Wanda ya so ka shi ne abin tsoro, domin zai ƙara maka da abin da yake ganin ya fi, kuma ɓarnar da aka yi da ƙauna ba ta da wurin kai ƙara. Tun daga lokacin, ko tela ko makanike ko mai gyaran waya, idan na gama faɗin abin da nake so a yi, sai na ƙara da abin da ba na so a taɓa, in faɗi dalili, in sa a maimaita mini. Idan kuwa na ga mai aikin ya fara murmushi yana cewa zai yi mini na musamman, sai in jawo benci in zauna, ba na motsawa sai an gama.