Malam Mu'azu, Kunnen Ƙungiyarmu

Kowace Asabar, da an idar da la'asar, za ka hango Malam Mu'azu ya kunno kai bisa tsohon kekensa, ya nufi ajin firamaren da ake ara mana a Gusau. Shi ke fara zuwa. Sai ya jera bencina, ya koma can kusurwa ya zauna, ya lumshe ido. Baƙo sai ya ɗauka barci yake yi. Barci fa? Yi tuntuɓen harshe ka gani!

Tun da muka kafa ƙungiyar koyon jawabi, bayan yaƙin basasa, shi ne mai kula da harshe. Aikinsa ya saurari kowa, in an gama ya tashi ya faɗi inda aka gyara da inda aka ɓata. Kujera ce da kowa ke gudu, don ba wanda ke son baƙin jini. Shi kuwa yana da wata al'ada: ba ya taɓa kuskurenka sai ya fara maimaita, da ka, magana mafi daɗi da ta fito bakinka. Sai ka saki jiki kana washe baki, sannan ya yi maka aski ba ruwa.

Zancen Bello ne ba zan manta ba. Bello mutumin Bungudu ne, sabon malamin gona, ga ilimi, amma in'ina ta riƙe masa harshe. Shugabansa ya gaya masa ƙiri-ƙiri: ko dai ya tsaya gaban manoman Tsafe ya yi musu bayanin takin zamani kafin ruwa ya sauka, ko a ba wani aikin. Ga mata, ga tsohuwa a gida. Abin da ya kawo shi ƙungiyarmu ke nan. Ranar da ya fara tsayawa gabanmu, gumi ya jiƙa masa riga. Da ƙyar ya fitar da jimla ɗaya, ya zauna. Wasu suka fara ƙyaƙyata dariya.

Malam ya miƙe a hankali. Ya ce, "Kun ji abin da bawan Allah wanga yac ce? 'Ƙasar ubana ta gaji, ni kuwa na san abincinta.' To, ku da kunka cika muna kunne tun ɗazu, wa yaf faɗi abin da yaf fi wannan?"

Sannan ya juya ga Bello: "Kai kuma, gudu kake da magana kamar ana bin ka. Ja numfashi. Ba wanda za ya tashi sai ka ƙare."

Haka aka yi ta yi har bazara. Ranar kasuwar Tsafe muka cika mota muka raka Bello. Bello ya tsaya, ya sarƙe a farko, ya ja numfashi, sai magana ta ɓalle. Wani dattijo ya ɗaga sanda ya ce, "Malamin gona, buhu nawa za a ba mu?" Mu da ke baya muka kaure da tafi, har masu sayar da rake suka waiwayo. Aiki ya tsira.

Malam Mu'azu, kai ne mai gyara ba tare da muzantawa ba. Ka saurari shirmenmu shekara da shekaru, ko ruwan sanyi ba mu taɓa saya maka ba.

Yanzu ya ajiye aikin koyarwa, zai koma gona a Ruwan Bore. A taron bankwana Bello ne ya yi jawabi, tiryan-tiryan. Da ya zauna, duk muka juya kusurwa muna jiran hukunci. Malam ya miƙe, ya buɗe baki, ya rufe. Sai hawaye. Ya ɗaga hannu kawai, ya koma ya zauna.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a gonar. Ku kuma masu saurin dariya in wani ya sarƙe, ku yi koyi da shi, ku jira mutum ya ƙarasa maganarsa.