Laimar Watan Agusta

Shekara ashirin da takwas Majvor Strandqvist ta yi tana auna ramukan da ido ba ya gani. Ɗakinta yana can ƙasan bene a sashen nazarin sinadarai, tagarsa ɗaya, ba abin da ake hangowa sai ƙafafun masu wucewa da tayoyin kekunansu. Ɗalibai ke haɗa silika a sama, su sauko mata da ita fara sol kamar garin alkama. Ita kuma ta busar, ta sanyaya, ta tura mata iskar naitirojin. Gwargwadon iskar da hodar ta shanye, ta san faɗin ramukan da ke cikinta. Ba ta da digirin da zai sa a kira ta dakta, amma duk wanda ya zama dakta a sashen ta ɗakinta ya bi.

Da gishiri ake yin ramukan, irin gishirin nan da ke zama ruwa-ruwa kamar mai ko ba a ɗora shi a wuta ba. A kwaɓa shi da silika, a bari ta kama jikinta, a wanke gishirin, gurbinsa ya zama rami. Sai dai gishirin yana da ƙishirwa. In aka bar kwalbar a buɗe, sai ya zuƙi laimar ɗakin, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Shi ya sa tun da daɗewa Majvor ta ɗauko wani tsohon ma'aunin laima daga rumfar jirgin ruwan mahaifinta, ta rataye shi a ɗakin gwaje-gwaje na sama. Kullum da safe sai ta hau ta duba, ta rubuta a wani ƙaramin littafi. Ba wanda ya sa ta.

Sixten Åkerlund ɗalibin digiri na uku ne, dogo, mai fara'a, ba ya rufe kwalba da wuri. Gishiri iri biyu ya yi aiki da su, mai kauri da tsinkakke, kuma kundinsa ya tsaya a kan cewa mai kaurin ya fi buɗa ramuka nesa ba kusa ba. Lambobin na Majvor ne, ba ƙarya a cikinsu. Abin da ya hana ta sukuni shi ne, duk samfuran mai kauri a watan Fabrairu ya haɗa su, lokacin da ɗumama ɗaki ke busar da iska har leɓe ya tsage. Na tsinkakken kuwa a Agusta, bayan hutun bazara, ana ta ruwa.

Ta faɗa, yadda ake faɗin abu a nan. A wurin shan kofi na ƙarfe uku ta dubi Farfesa Halvard Nyrén, mai duba aikin Sixten.

"Halvard, na ce ko za a ɗan duba watannin da aka haɗa samfuran nan."

"Kai, wannan tunani ne mai kyau, Majvor. Mu sa shi a taro na gaba."

Sixten ya yi dariya da burodi a baki. "Majvor da agogon ruwan samanta! Gobe za a yi ruwa ne, in fito da lema?"

"Ruwa kam an riga an yi," in ji ta. "A kwalbarka."

Aka yi dariya, har da Halvard. Aka wuce zancen wanda ke barin kofi a injin wanke kwanuka.

An sa maganar a taro, gaskiya. Ita ce ta ƙarshe a jerin. A taron farko lokaci ya ƙure. A na biyu Halvard ya tashi ƙarfe huɗu ɗauko jikarsa daga gidan reno. A na uku kowa ya yarda cewa batu ne mai muhimmanci, ya kamata a ba shi taro nasa na kansa. Majvor ta sauka ɗakinta ta goge teburin da ba shi da ƙura.

Ranar Juma'ar kafa kundi ta zo, ranar da ɗalibi ke kafa kundinsa da ƙusa a jikin katako, mako uku kafin Sixten ya tsaya kare aikinsa. Aka taru gaban katakon da ke ƙofar laburare, wanda ƙusoshin shekaru suka cika. Sixten ya ɗaga guduma, ƙusa ta lanƙwashe. Ya sake, ta sake lanƙwashewa.

"Shekara biyar muna koya maka kimiyya," in ji Halvard, "ashe kafinta ya kamata mu kai ka wurinsa."

A karo na uku ta shiga, aka tafa. Majvor ta buɗe kwafin kundin da aka ba ta, ta nemi shafin godiya. Sunanta yana nan kusa da ƙarshe: ga Majvor, saboda burodin kirfa na kowace Juma'a. Awo ɗari biyu da goma sha huɗu ta yi masa. Ta rufe kundin a hankali.

Da mutane suka watse ta same shi yana tattara kofuna. Ta miƙa masa ƙaramin littafinta, ta sa takarda a shafin Fabrairu, ta sa a na Agusta.

"Ka san dalilin da ya sa ake kafa shi a nan, Sixten?"

"Al'ada ce mana."

"Don kowa ya karanta. Ranar kare kundin kuma, in manyan sun gama, akan tambayi 'yan kallo ko da mai magana. Ban taɓa ɗaga hannu ba."

Ya dubi shafukan biyu. Fara'ar ta sauka daga fuskarsa. "Haba, Majvor. Me ya hana ki gaya mini?"

Ta bar masa littafin, ta sauka ɗakinta.

Ranar Litinin ya sauko tun kafin ta cire rigar sanyi. Samfuri shida za a sake, uku-uku, rana ɗaya, kwalba a rufe. Kowanne yana cin kwana biyu a na'urarta. Ta zo Asabar biyu da Lahadi biyu, ta bar ƙanwarta ta tafi tsintar 'ya'yan itace a daji ita kaɗai, abin da ba su taɓa yi ba. Sakamako ya fito: mai kaurin ya fi buɗa ramuka, amma bambancin bai kai rabin abin da kundin ya ce ba. Sauran duk ruwan Agusta ne.

Aka buga takardar gyara guda ɗaya, aka soka ta cikin kundin da ke rataye a katako. Ranar karewa, baƙuwar farfesa da aka gayyato don ta tuhume shi, tambayarta ta biyu a kan laima ce. Sixten ya amsa tsaf, har ta gyaɗa kai. Da aka tambayi 'yan kallo, hannun Majvor yana kan cinyarta.

A wurin shan kofi ranar Litinin Halvard ya jingina da kujera, ransa fes.

"Kun ga amfanin tattaunawa ke nan," in ji shi. "Da ba mu yi tunanin laimar nan a kan lokaci ba, da mun sha kunya."

Sixten ya buɗe baki, ya dubi Majvor. Ita kuwa ta riga ta miƙe. Ta wanke kofinta da hannu, ta kife shi, ta hau sama ta duba ma'auni. Laima sittin da ɗaya cikin ɗari. Kusa da shi, a kan tebur, wata kwalba tana zaune a buɗe.