Shukar Mai Ɗakinsa

Mai sayar da furanni tana kallon dattijon da ke gaban rumfarta, rungume da tukunya kamar jariri. Rigarsa fes, amma maɓalli biyu sun tsinke. A tukunyar akwai baleriyan, shukar da ake jiƙa saiwarta don samun barci, duk ta yi yaushi.

"Baba, wannan ta wurin sanyi ce. Zafin garin nan ba zai bar ta ba."

"Mai ɗakina ta shuka ta, 'yata, can tsohon gidanmu. Kowace shekara takan bushe, ta sake tohowa."

Ba ta tambayi ina matar take ba, maɓallan sun ba ta amsa. Ya cire hularsa ya yi wa tukunyar inuwa, ya shiga tsakar rana kai ba hula.